Me ya sa in zuciya ta karye sai mu nemi waƙar da za ta ƙara mana ciwo?

Ɗan Fagge:
Salamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah kar a min dariya, tambaya ce tsakani da Allah. Yau sati uku kenan waƙa ɗaya nake ji, ta matar nan 'yar Ingila Adele, wadda ba komai a cikinta sai fiyano da muryarta, Someone Like You. Da safe ita, a adaidaita in zan tafi shago ita, da daddare in an ɗauke wuta na shimfiɗa tabarma a tsakar gida ita dai, har iyafis ɗina kunne ɗaya ya mutu ban fasa ba. Kuma wlh ba daɗi take sa ni ba, ƙirjina ne yake nauyi kamar an ɗora min buhun siminti amma tana ƙarewa sai in mayar da ita farko. Turancin ma ba duka nake kamawa ba. Waɗanda suka san ni sun san abin da ya faru, waɗanda ba su sani ba a taƙaice an sa ranar wadda na yi shekara huɗu ina nema, da wani. To wai meye wannan? Me ya sa mutum yana cikin ƙunci ba zai nemi kiɗan da zai tashi ya taka ba sai wanda zai ƙara jagula masa lissafi?

Zee:
Hhhh Allah sarki yayanmu, wani ya yi wuf da ita kenan. Sannu ka ji

Maman Ihsan:
Zee ki ji tsoron Allah, yaro ya ce kar a yi dariya ke ce ta farko. Ƙanena sannu, Allah ya musanya maka da mafi alheri. Amma ni dai shawarata ka goge waƙar nan, fami kake yi wa ciwonka. Ciwo in ya fara ɓawo ba a sa farce.

Ɗan Fagge:
Amin Anti na gode. Na goge sau biyu, sau biyu na sake saukewa, datana kawai nake ƙonawa.

Bagobiri:
Ni abin da ka ba ni mamaki, duk mawaƙanmu ba su ishe ka ba sai ka tai Ingila neman mai taya ka kuka? Mi ya hana ka jin na gida?

Ɗan Fagge:
Na gwada Malam Bagobiri. Matsalar ita ce namu na yanzu ko mawaƙi yana cewa an yaudare shi zai mutu, kiɗan da ke ƙasa na rawa ne, ganga tana dukan uku uku, an wanke muryar da na'ura tas har ba ka jin numfashin mutum. Sai ka ga waƙar rabuwa ce amma ita ake sawa a wajen kamu ana liƙi. Ni kuma ba rawa nake son yi ba. Ita wannan kana jin inda muryarta take rawa kamar za ta tsinke, kana jin ta ja numfashi, kamar a ɗakin take zaune.

Malam Sani Mai Lakca:
Ɗan Fagge ka taɓo wajen da kanka ba ka sani ba. Irin waɗannan mawaƙan da kake magana, su suke rubuta waƙarsu daga abin da ya same su, su rera da kansu, yawanci da jita ɗaya ko fiyano, to duk ƙarfin abin yana cikin rashin tarkace ne. In kaya suka yi yawa taro ake yi wa waƙa, in suka ragu kai kaɗai ake yi wa magana. Ita wannan waƙar a kundinta mai suna 21 take, ya fito a watan Janairun 2011, sunan kuma shekarunta ne lokacin da take rubuta waƙoƙin, yarinya ce ƙarama a lokacin. Ta faɗa da bakinta cewa rabuwa da saurayinta ce ta haifar da kundin, ita wannan ta ƙarshen kuma bayan ta ji labarin ya yi baiko da wata ta zauna suka rubuta ita da wani Ba'amurke Dan Wilson. Ka ga ashe labarinku ɗaya, jinsi ne kawai ya bambanta. Kamar sati uku bayan fitowarsa ta rera ta a bikin ba mawaƙa lambobin yabo na BRIT a Landan, ba 'yan rawa ba hayaƙi ba komai, mai fiyano ɗaya da ita, kafin ta gama hawaye ya cika mata ido, daga daren nan waƙar ta haye ta ɗaya a Ingila. Kundin ya haura kwafi miliyan 30, a 2012 ta kwashe lambar yabon mawaƙa ta Grammy har shida a dare ɗaya. Ina kawo lissafin ne don ka san ba kai kaɗai ne mai wannan cutar ba.

Zee:
Ita ta yi kuka ta samu miliyoyi, yayanmu ya yi kuka ya ƙona data. Duniya kenan

Ɗan Fagge:
Zee zan fita daga guruf ɗin nan saboda ke wlh

Baba Ɗanlami:
Ɗana kar ka fita, zauna ka ji. Ku yaran yanzu kun ɗauka da waya aka fara wannan abu. Mu a shekarun 1980 rediyo ce da kaset, in dare ya yi aka sako Don Williams ko Dolly Parton ko wani tsohon kiɗan Indiya na su Mukesh, sai ka ga majalisa ta yi tsit kowa ya tafi duniyarsa, kuma rabinmu ba mai jin Turanci ballantana Indiyanci. Ni akwai kaset ɗin da sai da zarensa ya tsinke na ɗinke da jan farcen ƙanwata, na nannaɗe da biro, saboda wata yarinya a Tudun Wada da aka ba wani ɗan kasuwa. Yau jikokina tara, ita ma na ji nata sun fi haka, amma in na ji muryar mutumin nan har gobe sai na ga ƙofar gidansu da bishiyar darbejiyar da nake jingina keke.
Kuma Bagobiri kana da gaskiya ta wani fannin, muna da namu masu irin wannan, ba a situdiyo ake nemansu ba. Ɗan Maraya Jos meye? Mutum ɗaya, kuntigi mai tsirkiya ɗaya, ba 'yan amshi, shi ya tsara shi ya rera, ya yi waƙa a kan auren dole da ƙaren mota da talakan da ba wanda ya kula da shi, har ya rasu a 2015. Haruna Uji na Haɗeja da gurminsa fa? In yana kiran sunan mace a waƙa sai ka rantse kai ma ka san ta. Abin da Turawan nan suke yi da jita kenan, ba wani sabon abu ba ne.

Bagobiri:
Yawwa Baba, ka ga abin da nika faɗi. Allah shi ƙara girma.

Maman Ihsan:
Baba ashe kai ma an taɓa ka hhh, Allah ya sa Hajiya ba ta cikin guruf ɗin nan.
Amma fa ni har yanzu ban sauka daga kan bakana ba, kuma ba da ka nake magana ba. Lokacin da aurena na farko ya mutu ina da shekara 24, na koma gidanmu da goyo, wata biyar ina kulle a ɗaki da irin waɗannan waƙoƙin, in sa wannan in sa waccan, duk baitin da aka yi sai in ce ni ake nufi, in zauna ina tisa maganganun da muka yi da shi ina cewa da na ce kaza da bai ce kaza ba. Na rame na lalace, nono ya ƙafe, ko wanka sai an yi min faɗa. Ba waƙar ce ta fitar da ni ba, yayata ce ta zo ta ƙwace wayar ta ja ni islamiyya da koyon ɗinki. Shi ya sa in na ji ana cewa waƙar baƙin ciki magani ce nake cewa a dai bi a hankali, wani maganin in ya yi yawa shi ke kwantar da mutum.

Malam Sani Mai Lakca:
Hajiya abin da kika faɗa masu bincike ma sun gan shi. Akwai wata a Ostireliya, Sandra Garrido, ta daɗe tana aiki a kai, abin da ta gano shi ne mutanen da dama ɗabi'arsu ce su yi ta tuƙa da warwara a kan abu ɗaya, ko waɗanda ciwon damuwa ya riga ya kama, su irin wannan kiɗan yana iya ƙara dulmiya su ko da suna cewa daɗinsa suke ji. Amma ga yawancin mutane ba haka ba ne. A 2014 wasu masu bincike biyu a Berlin, Taruffi da Koelsch, sun tambayi mutum 772 me suke ji in sun saurari kiɗan baƙin ciki, abin da ya fi fitowa ba baƙin cikin ba ne, tuna baya ne, wato irin kewar nan ta Baba da darbejiyarsa. Da yawa kuma sun ce lallashi suke samu. Kenan waƙa ɗaya, wani ta sauke masa kaya wani ta ƙara masa, ya danganta da abin da ya shigo da shi.

Ummu Hanan:
Ni ban san bincike ba amma bari in faɗi nawa. Mu Hausawa an raine mu da bar wa cikinka. In aka yi maka rasuwa akwai zaman makoki, mutane su zo su zauna da kai kwana uku, a kawo abinci, kowa ya san kana cikin wani hali. In ka yi hatsari a zo dubiya. Amma in wadda kake so ta auri wani fa? Ba zaman makoki, ba dubiya, ba mai kawo maka ko kunu. Kalma biyu za a ba ka, yi haƙuri, in an ƙara a ce matar mutum kabarinsa, shikenan an rufe zancen, gobe ka fito shago kana murmushi. In namiji ne ma ya kuskura ya yi hawaye a majalisa sai an shekara ana tsokanarsa. Mace kuma kunya ba za ta bar ta ta ce wa uwarta ina son wane har raina ba. To ina mutum zai kai abin? Sai ya toshe kunne da iyafis, wata can a Landan da ba ta san shi ba ba za ta kai shi gaba ba ta faɗi duk abin da aka hana shi faɗa, minti huɗu da 'yan kai, ba ta ce masa yi haƙuri ba ko sau ɗaya. Ni ina ganin zaman makokin kenan, shi kaɗai yake yin abinsa tunda ba mai taya shi.

Ɗan Fagge:
Anti Ummu Hanan kamar kin shiga zuciyata. Wlh ranar da aka kawo goron sa ranar unguwarmu, abokina na kusa cewa ya yi kai dalla share, mata sun ƙare ne? Na san da kyakkyawar niyya ya faɗa amma ji na yi kamar ya mare ni. Tun ranar ban sake yi wa kowa zancen ba sai yau.

Ɗan Agadas:
Gaisuwa daga Nijar. Mu nan wajenmu Buzaye suna da kalma guda da ta tattara wannan duka, assouf, da harshensu na Tamashek. Kewa ce, kaɗaici ne, begen abin da ya yi nisa ne, ko mutum ko gari ko hamadar kanta, har kiɗan jitar tasu ma da sunan ake kiransa. In ka saurari su Bombino ɗan nan Agadas ko Tinariwen na Mali, sau da yawa ba ka iya rabewa ko mace ake wa kuka ko ƙasa, don da yawansu a gudun hijira suka koyi jitar, a Libiya da Aljeriya, da can kaset ake miƙawa hannu da hannu a ɓoye. Kuma abin dariya Malam Sani, a bikin Grammy ɗin nan na 2012 da ka ce Adele ta kwashe shida, a shi Tinariwen su ma suka ci nasu da kundin Tassili. Ranar masu kewa ce ke nan. Ni direba ne, hanyar Agadas zuwa Damagaram in dare ya raba ba abin da ke riƙe ni kamar shi, kuma ni ba wadda ta guje ni, matana biyu lafiya lau muke. Ina nufin ba sai an yaudare ka ba, kowa akwai abin da ya bari a baya.

Zee:
Matana biyu lafiya lau hhhh Baban Agadas ya zo ya yi mana yanga a gidan makoki

Ustaz Abu Ammar:
Assalamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban so in sa baki ba. Matsayina a kan kayan kiɗa kun san shi, ba zan ɓoye ba, akwai saɓanin malamai kuma ni ina tare da waɗanda suka ce a nisanta, kuma abin da Maman Ihsan ta faɗa ya isa ishara. Amma zan gyara abu ɗaya, masu cewa namiji ba ya kuka a kan so ba daga addini suka samo ba. Hadisin Mugis da Barira yana cikin Bukhari. An 'yanta ta ta zaɓi rabuwa da shi, ya riƙa bin ta a titunan Madina hawaye yana zuba a gemunsa. Manzon Allah SAW bai ce masa kai dalla share ba, cewa ya yi da Abbas ba ka mamakin son da Mugis yake wa Barira da ƙin da take masa ba, har ya je ya roƙa masa ita, ta tambaya umarni ne, ya ce a'a ceto nake, ta ce ba ta da buƙatarsa, kuma aka bar ta. Annabi Yaƙub ya yi baƙin cikin Yusuf har idanunsa suka yi fari, ya ce ga Allah kaɗai nake kai ƙarar baƙin cikina. To ɗan uwa kukanka ba laifi ba ne, inda za ka kai shi nake jiye maka. Ka gwada Suratu Yusuf da muryar makarancin da kake so cikin dare.

Ummu Hanan:
Malam wannan hadisin ban taɓa jin an karanta shi a wa'azin aure ba sai na haƙuri kullum. Jazakallahu khairan

Ɗan Fagge:
Na gode Malam, in sha Allahu zan gwada. Ba zan yi maka ƙarya in ce na daina waccan yau ba dai.

Sadiq Injiniya:
Ni tambayata daban ce. Ba ku ganin akwai yaudara a ciki? Mutanen nan fa sana'a suke, kamfani ya san hawaye yana sayuwa, an san irin sautin da ake jerawa a fiyano mutum ya ji tsigar jikinsa ta tashi. Kai kana tabarma kana kuka ita tana gidan biliyoyi.

Malam Sani Mai Lakca:
Sana'a ce mana Injiniya, marokin da ya sa sarki ya kyautar da doki shi ma sana'a yake, bai hana abin ya taɓa sarkin da gaske ba. Kuma ba duka ne kamfani ya ƙera ba. Akwai wani Ba'amurke Justin Vernon, ƙungiyarsu ta watse, budurwa ta tafi, ga jinya, sai ya tattara ya koma bukkar farautar babansa a dajin Wisconsin cikin hunturun 2006 zuwa 2007, wajen wata uku shi kaɗai da tsohuwar jita da 'yan kayan ɗaukar sauti. Abin da ya fito da shi da kansa ya fara sakinsa a 2007 da sunan Bon Iver, ba kamfanin da ya aike shi, daga baya ne suka biyo shi.
Wani abin kuma da zai ba ka mamaki, waƙar nan ta Dolly Parton ta 1974, I Will Always Love You, da Whitney Houston ta sake rerawa a 1992 duniya ta ɗauka, wadda ake ta kuka da ita a kan masoya, asalinta ba saurayi aka yi wa ba. Bankwana ce ta yi wa Porter Wagoner, abokin aikinta da suka yi shekaru suna shirin talabijin tare za ta tafi ta kama gabanta. Kenan rabin waƙar mawaƙi ne ya kawo, ɗaya rabin kai ka zo da kayanka ka zuba. Shi ya sa Ɗan Fagge da Turancinsa na rabi da rabi abin yake kama shi, inda bai gane ba sai ya cike da sunan wance.

Ɗan Agadas:
Bon Iver ɗin nan Faransanci ne aka karya, bon hiver, kamar ka ce barka da hunturu. Mu da muka yi lakwal mun gane hhh

Sadiq Injiniya:
To na ji, amma ni dai in aka yi min haka ƙwallo zan je in kalla.

Zee:
Wane kulob kake yi? Don wani kulob ɗin gara Adele

Baba Ɗanlami:
Ɗana Ɗan Fagge abu ɗaya zan tambaye ka, kana cin abinci? Kana fita sallah jam'i? Kana buɗe shago a kan lokaci? In eh ne to ka ji abarka, da kanka wata rana za ka ji ta ishe ka kamar tuwon jiya. In kuwa ka fara rufe ƙofa kana ƙin mutane irin yadda 'yata Maman Ihsan ta faɗa, to ka nemi wani babba ka zauna da shi, ko ni ka kira ni, ko ka je asibiti, ba abin kunya ba ne.

Maman Ihsan:
Wannan na yarda da shi Baba. Ni da an yi min wannan tambayar a watan farko da ban kai biyar ba.

Ɗan Fagge:
Ina ci Baba, ba dai kamar da ba. Shago kuma dole, bashin kaya ba ya jiran mai ciwon so. Ɗaurin auren asabar mai zuwa ne bayan azahar, a masallacin da nake sallah kuma, har yanzu ban san ko in je ko in tafi Wudil wajen kawuna ba.
Bari in ba ku na jiya ku yi dariyar da na hana. Iyafis ɗin ya ƙarasa mutuwa sai na sa a sifika a hankali, ashe Hajiyarmu tana bakin ƙofa da butarta. Ta ce wai wace mata ce wannan take ta kuka a ɗakinka kullum? Na ce Hajiya waƙa ce. Ta ce me take cewa? Na ce wanda take so ne ya auri wata. Ta yi shiru ta ɗan saurara, can ta ce Allah sarki baiwar Allah, ita ma haƙuri za ta yi, taso ka ci tuwo kar ya huce.

Ummu Hanan:
Hhhhh wayyo cikina, har Adele ba ta tsira ba

Bagobiri:
Hajiya ta gama magana. Baba in kana da na Haruna Uji a waya turo muna nan dan Allah, na nema ban samu mai sauti da kyau ba.

Baba Ɗanlami:
A kaset suke ɗana, kuma rediyon ta lalace tun bara. Sai jikana ya dawo daga makaranta in ga ko zai iya yi min dabara.

Ɗan Agadas:
Ɗan Fagge in ka zaɓi Wudil ka tafi tun juma'a da yamma, kar ka bari sai ka ji sifikar masallaci.